Maraɗi zuwa Katsina: Na rufe shago kwana uku na raka ɗiyata jarrabawar JAMB

Shekara 22 ke nan ina bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina. Na bi ta da buhunan takalman roba, na bi ta da amarya, na bi ta da gawa. Amma ban taɓa bin ta gabana na faɗuwa irin na ƙarshen watan Afrilun 2025 ba, alhali kayan da na ɗauko duka-duka ba su wuce ɗiyata ta fari da wata ambulan mai takardu biyar a ciki ba.

Ni Bakatsine ne, kasuwa ta zaunar da ni Maraɗi, a nan na yi aure, a nan aka haifi 'ya'yana. Yarinyar nan sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Mamana. Lakwal ta fara da Faransanci, sai da ta gama firamare na kai ta wajen yayata a Katsina ta yi sakandare da Turanci. Burinta aikin jinya, tun lokacin da mahaifiyarta ta yi doguwar kwanciya a asibiti ita ce mai kwana da ita. Babbar ƙofar shiga jami'a a Najeriya kuwa ita ce jarrabawar da hukumar JAMB ke shiryawa sau ɗaya a shekara.

Na yi mata alkawarin gwaji biyu. Babban wana ya riga ya karɓi gaisuwar wani yaro mai hankali da ke neman aurenta, na roƙe shi ya ɗaga mana ƙafa. Ya ce, “To, ka ji na ba ka bana. In ba a samu ba, kada ka sake zo mini da wata magana.” Gwaji na farko ya riga ya tafi tun bara. Wannan shi ne na biyu.

Yadda muka yi asarar bara

Laifin bara nawa ne, ba na ɓoyewa. Lokacin rajista, a Janairu da Fabrairun 2024, iyaka na rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai cikin Maris. A kan babur ƙanena ya ƙetara da ita ta cikin gonaki. Da suka isa sai ga wata matsalar da ban taɓa kawowa a raina ba: sunanta kala uku ne a takardu uku. Duk wanda ya zauna Nijar ya san abin. Wanda a Katsina ake rubuta masa Abubakar, a Maraɗi Aboubacar ne. A'isha ta zama Aïchatou, Usman ya zama Ousmane. Takardar haihuwarta da rubutun Faransa, sakamakon sakandare da na Ingilishi, a lambar ɗan ƙasa ta NIN kuma an sa sunan kakanta a madadin nawa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma abin da ke cikin NIN shi kwamfuta ke ɗaukowa. Makonni muka yi ana gyara, lokacin da ya kamata a ce tana karatu.

Sai kuma lalle. An yi Sallah ƙarama ranar 10 ga Afrilu, aka fara jarrabawa ranar 19. Mamana ta sha ƙunshi har kan yatsu, babu wanda ya ce mata kul. A ƙofar ɗakin jarrabawa sai an ɗora yatsa a na'ura ta shaida kai ne ka yi rajista. Na'ura ta ƙi ta. Aka ware ta gefe tana goge yatsu da bakin hijabi tana kuka, sai daga baya wani yatsan ya karɓu. Ta shiga jiki na ɓari, ta zauna gaban kwamfutar da ba ta taɓa aiki da irinta ba. Ta ci 163 cikin 400.

Ni da ba na barin kwali ɗaya ya hau mota sai na duba takardarsa sau biyu, ban taɓa jera takardun ɗiyata na karanta ba. Wannan ya daɗe yana cina.

Hanya

Muka tashi ana gobe jarrabawa, da hantsi. Takardar da ta buga a intanet ta nuna rana da wuri, ta ce kuma ta iso ƙarfe 6:30 na safe. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle a hanyar da ba a binta da duhu.

Tsakanin biranen biyu bai kai kilomita 100 ba. In ka bar Maraɗi ka yi kudu za ka ratsa ta Jiratawa, inda lambunan zogale ke kore shar ko da tsakiyar bazara ce, ga mata a bakin titi da tiren mangwaro. Daga nan ƙasa sai ta koma fari fat, gawo da bedi jefi-jefi, gonaki an share ana jiran ruwa. Zafin Afrilu ba sai an faɗa wa kowa ba. Mu bakwai a ƙaramar mota, Mamana na jikin taga ta buɗe littafin tambayoyin baya a cinya, iska na kaɗa shafukan tana dannewa da gwiwar hannu.

Direba ya leƙo ta madubi ya ce, “Alhaji, 'yar JAMB ce?” Na ce ita ce. Ya ce tun shekaranjiya yake ɗaukar irinsu, yana gane su da ambulan da rashin magana.

A Ɗan Isa aka sauke mu aka duba katin kowa, muka wuce, sai Magama, sai Jibiya. Ina nuna mata gulbi, duk da a wannan lokaci yashi ne kawai. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Madarunfa da Maraɗi, sa'annan ya sake komowa Najeriya ta wajen Sakkwato. Na ce mata, “Kin ga ɗan'uwanki, shi ma nan da can ne.” Ta ce, “Baba, shi ai ba a tambayarsa NIN.” Dariyarta ta farko ke nan tun safe.

Daga Jibiya zuwa Katsina hira takan mutu a mota. Kowa ya san halin da yankin ke ciki da 'yan bindiga, kowa bakinsa na motsi. Shingaye kuwa ban ƙirga ba, kowane sai an tsaya. Can gefe kana hango inda ake aikin titin jirgin ƙasan da zai haɗa Kano da Maraɗi, wani dattijo a bayanmu ya ce Allah ya nuna mana, muka ce amin. Tafiyar da a ƙa'ida ba ta wuce awa ɗaya da rabi sai da ta ci mana kusan awa huɗu. Wanda ya ce zai taso daga Maraɗi da asuba ranar jarrabawa, wallahi ya yaudari kansa.

Daren jajibiri

Yayata ta tarbe mu da fura mai sanyi. Kafin ma mu zauna ta kamo hannun yarinyar ta juya shi gaba da baya. “Madalla, fari tas. Bikin ɗiyar maƙwabta aka yi, na aika mata ko ɗigo kada ta sa.”

Bayan la'asar na ce mu je mu ga wurin da idonmu. Muka hau adaidaita sahu, mai keken ya kai mu wata makarantar daban mai kama da sunan, sai da muka yi tambaya sau biyu. Da a ce da asuba wannan ɓatan kai ya same mu, da an gama. Muka ga ƙofar, muka auna minti nawa ne daga gida, na karɓi lambar mai keken na ba shi rabin kuɗinsa tun a lokacin.

Da dare ɗan yayata, wanda ke aji uku a jami'a, ya zaunar da ita da kwamfutarsa. Bayanin da ya yi na saurara da kyau, don ban taɓa sanin yadda abin yake ba. Tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, wanda dole ne ga kowa, sai 40-40 a darussa uku da suka dace da abin da yaro ke son karanta. Nata Fiziks ne da Kemistiri da Bayoloji. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Tun 2015 aka daina fensir da takarda, komai a kwamfuta. Ba dole sai ka iya linzami ba: A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N ta kai ka gaba, P ta maido ka baya, S kuma ta miƙa aikin in ka gama.

A nan wani abu ya fito wanda ya kamata 'yan'uwa na ƙasashen Faransa su sani. Shekara guda Mamana na zuwa shagon kwamfuta a Maraɗi tana gwaji. To allon rubutu na Faransa da na Ingilishi ba ɗaya ba ne. Inda harafin A yake a na Maraɗi, a na Najeriya Q ce a wurin. Yatsanta ya saba, duk ta tashi danna A sai ta danna Q. Ƙaramin abu ne, amma ga mai daƙiƙa 40 ba ƙarami ba ne. Sai da ya sa ta yi ta maimaitawa har hannun ya gane, sa'annan Gwaggonta ta ƙwace littafin ta ce a kwanta.

Ni dai ban yi barcin kirki ba. Na ji ita ma tana juyi a ɗakin Gwaggo.

A bakin ƙofa

Muna idar da sallar asuba mai keke ya iso. Katsina da sassafe akwai daɗi, iska mai ɗan sanyi, masu ƙosai na hura wuta, almajirai na tilawa a zaure. Muna karyo kwana sai ga yara sun fi ɗari biyu a layi, maza gefe mata gefe, kowa da takarda a hannu. Ba waya, ba agogo, ba jaka, ba na'urar lissafi. Mai tabarau ma sai an karɓa an duba.

Iyaye ba a yarda su matso kusa ba. Wani ma'aikaci ya ce, “Baba, nan ne iyakarka.” Mamana ta miƙo mini wayarta da 'yan kunnenta. Ta ce, “Baba, ka yi mini addu'a.” Na ce, “Allah ya yi miki albarka, Mamana. Abin da kika sani ki fara da shi, wanda ya gagara ki wuce.” Abin da ɗan yayata ya faɗa ne na maimaita kamar nawa.

Na koma can ƙasan titi wajen wani mai shayi, ƙarƙashin bedi. Ashe majalisar iyaye ce. Mai shayin ya ce kowace shekara wannan makon ne kakarsa.

Kusa da ni wata dattijuwa ce da jariri a baya. Jikanta ne, uwarsa na ciki. Ta ce sai da ta ba shi nono a bakin layi kafin ta shiga, mijin ne da kansa ya biya mata kuɗin rajista. Akwai wani malamin makarantar ƙauye da ya kawo ɗalibai shida, a masallaci suka kwana don ba su san kowa a gari ba. Ya ce makarantarsu babu kwamfuta ko ɗaya, a kwali ya zana musu allon rubutu suka yi ta dannawa da yatsa. Sai wani saurayi mai jiran zama na biyu, direban keke ne, wannan karo na uku ke nan yana yi. Na ce ba ka gaji ba? Ya ce, “Alhaji, kullum ina kai ɗaliban jami'a ƙofar makaranta ina juyowa. So nake wata rana in sauka tare da su.”

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani ɗan kasuwa ne ɗan'uwanmu mazaunin Agadas. Kwana biyu suka yi a hanya shi da ɗansa, suka iso da murna, ashe ranar yaron jiya ce. Sun riƙe ranar da abokinsa ya faɗa musu, ba su buga tasu takardar ba sai da suka shigo gari. Kowane yaro da ranarsa da lokacinsa da wurinsa, ko da tare suka yi rajista. Yaron na tsugune jikin bango ya sa kai cikin gwiwa. Uban ya riƙe kofin shayi har ya huce bai kurɓa ba. Babu wanda ya san abin da zai ce masa sai “Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.”

Da suka fito

Wajen ƙarfe goma da rabi aka fara fitowa. Wasu na dariya, wasu ido ja, wasu na gardamar amsa tun daga ƙofa. Na hango ta tana tafe a hankali. Ban tambaye ta komai ba sai da ta shanye ledar ruwa biyu.

Ta ce yatsa ɗaya ta ɗora na'ura ta karɓa. A ciki kowa da ɗan akurkinsa da lambarsa, fanka na juyawa amma zufa na zuba, ba ka jin komai sai ƙarar inji da ƙas-ƙas ɗin dannawa. Abin da ya fi tayar mata da hankali agogon da ke jikin allo, yana ƙirga lokaci da baya-baya. Ta ce da farko ido na kansa, ta karanta tambaya ɗaya sau uku ba ta fahimta ba, sai ta yi bismilla ta daina kallonsa. Ta fara da Bayoloji don shi ta fi ƙarfi, ta bar Fiziks ƙarshe. Turanci ya ci mata lokaci, dogayen labarai ne sai ka karanta kafin ka amsa, da tambayoyi daga littafin da aka ɗora musu bana, The Lekki Headmaster. In lissafi ya zo kuma, ta ce har yanzu da Faransanci take ƙirgawa a zuci, sai ta samu amsa ta juya ta. Yarinyar da ke gefenta kwamfutarta ta ɗauke, aka mayar da ita wata, tana ta salati. Saura minti huɗu ta koma kan guda bakwai da ta tsallake ta cike su da ƙaddara.

Na ce, “To yaya kika gani?” Ta ce, “Baba, bana dai na san abin da na yi.”

Da yamma na ce ba za mu koma ba sai ta ga garin ubanta da idon baƙo. Shekara shida ta yi a Katsina, daga gida sai makaranta. Na kai ta hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, tun zamanin da ake tahowa Katsina neman ilimi daga nesa. Muka biya ta tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce. Na tuna mata cewa sarautar Maraɗi ma daga nan ta tashi bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har gobe ake ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina. Ta ce a makarantar can an koya mata rabi, a ta nan rabi, yau ta haɗa.

Sakamako

Layin wayar da aka yi rajista da shi, da shi ake neman sakamako, ta hanyar aika saƙo zuwa 55019 ko 66019. Layin Najeriya ba ya mana aiki a Maraɗi, in ya daɗe a ajiye kuma rufe shi ake yi, don haka muka bar shi a wayar Gwaggo.

Da aka saki sakamako a watan Mayu labarin da ya fara zuwa ba mai daɗi ba ne: cikin yara sama da miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Bayan 'yan kwanaki shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta shafi yara kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ya nemi gafara har da hawaye, aka sake musu. Katsina ba ta ciki.

Ina shago ana cinikin silifa Yaya ta kira ta WhatsApp. Ba ta iya karatun boko ba, jikanta ne ke karantowa tana maimaitawa da ƙarfi kamar mai shela. Darasi-darasi ya bi, ni kuma ina tarawa a na'urar lissafin shago. 226. Na sake tarawa. 226. Mai sayen silifa ya ce, “Alhaji lafiya?” Na ce ɗauki, ka kawo kuɗin gobe.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. A 2025, mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsayar 150 ne, amma wannan na bakin ƙofa ne kawai. Darussa irin jinya masu nema sun yi yawa, kowace jami'a da nata ma'aunin da tata tantancewar, kuma ana duba jihar da yaro ya fito. Na sake komawa Katsina na karɓo mata takardar shaidar ƙaramar hukuma, abin da yaran da aka haifa a waje sukan rasa a ƙurarren lokaci. Har zuwa yau da nake wannan rubutu sunanta bai fito ba, kullum tana dubawa. Wana dai da ya ji makin ya yi shiru, can ya ce, “A gaya wa yaron ya ƙara haƙuri.”

'Yan'uwa na Akra, Kwatano, Abijan da Jidda, hukumar takan buɗe cibiya a biranenku, ku bincika da wuri kafin ku ɗauro yaro zuwa gida. Mu na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni gida ya fi mana kusa. Ko ina kake dai, yau da dare ka ce a kawo maka takardun yaranka, na haihuwa da na makaranta da NIN, ka jera su a tabarma ka karanta suna da ranar haihuwa harafi-harafi, yadda kake duba takardar kaya. Ni na jera na ƙannenta huɗu, uku a ciki sai an gyara. Ranar Litinin zan sake bin hanyar Jibiya da ambulan.

Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya tsare mana hanya.